Gadon Gandiroba a Baranda

Gadon ya maƙale a ƙofa, rabi a ɗaki, rabi a waje. Kafinta yana turawa daga ciki, Mai Aski yana ja daga baranda, zufa na bin gemunsa. Mai gadon kuwa yana zaune a kujerar roba, bargo a gwiwa, yana ba da umarni da sandarsa.

"Ku karkata shi hagu. Kai Mai Aski, hagu na ce. Shi ya sa ƙeyar kowa a unguwar nan a karkace take."

"Ka ƙara magana in ajiye shi nan, ka kwana a tsaye," in ji Mai Aski.

Jiya aka sallamo Baba Gandiroba daga asibiti. Likita ya ce wa 'yarsa, Malama, a kai shi gida a ba shi duk abin da ransa ke so, kowa a gidan hayar kuma ya gane abin da ake nufi. Abin da ransa ya so shi ne a fitar da gadonsa can ƙarshen baranda, kusa da kejin zomayensa, daf da ƙofar matar direba.

"Baba, wurin nan fa bakin makwarara ne," in ji Malama.

"Iskarsa ta fi daɗi."

Babu wata iska a wurin. Mai Aski ya san haka, kuma ya san mutuminsa tun gashinsu yana baƙi. Don haka washegari, da ya zo da jakarsa ya shafa masa kumfa, sai ya sunkuya ya ce, "To, aska na hannuna, wuyanka na gabana. Faɗa mini gaskiya."

Tsohon ya nuna igiyar shanya da ido. "Me ka gani?"

"Ba komai."

"Shi ne. Ɗakin matar direba da ta haihu kwanan nan, amma ba ƙyalle ko ɗaya a igiya. Mijin yana hanya da babbar mota, danginta suna nesa. Yaron na kuka, ba ka jin muryar mai rarrashi. Tun kafin a kai ni asibiti ƙofar nan take rufe."

Mai Aski ya goge aska a tafin hannu. Ya daɗe da lura cewa gemun mai shirin tafiya laushi yake yi, kamar ya daina gardama da duniya. Na Gandiroba ya yi laushi sosai.

"Ni maza na tsare a gidan yari, marigayiya uwar Malama ta tsare mata," in ji tsohon a hankali. "In mun tashi aiki sai mu baje labari. Akwai waɗanda aka kawo mana saboda sun kashe 'ya'yansu, kuma ba iri ɗaya ba ne. Waɗanda na gani a ɓangarena da fushi suke shigowa. 'Ita ta jawo,' 'Ita ta ce za ta tafi.' So suke su ƙona zuciyar uwar, sai su bi ta kan ɗan. Su cinye abincinsu tas, su nemi ƙari. Matan ɓangarenta kuwa shiru suke shigowa, nono na jiƙa musu riga. Wata har tambaya take wa zai shayar da yaron. In ka bi labarinsu, ɗaki ne rufe, ba barci, ba mai ƙwanƙwasawa."

"Kai, yarinyar nan ba za ta..."

"Ban ce za ta yi ba. Cewa na yi ba wanda ya ƙwanƙwasa. Dubi zomayena. Namijin raba shi nake da jariran don kishi gare shi. Macen kuwa ba ta taɓa 'ya'yanta sai in ta firgita. Gama mini askin, ina da zagaye."

A gidan yari, zagaye shi ne gandiroba ya bi ƙofa ƙofa yana bugawa, don ya ji motsin na ciki. Tsohon ya miƙa sandarsa daga kan gado, ya buga ƙofar matar direba.

Ƙofar ba ta buɗe ba. Ya sake bugawa.

"Maijego, 'yata, taimako nake nema. Likita ya ce ƙirjina ya yi sanyi, a riƙa ɗora mini abu mai ɗumi. Aro mini ɗan nan naki."

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Yarinya ce siririya, idanunta sun faɗa, ɗankwali a karkace. Ta dubi tsohon, ta dubi Mai Aski.

"Likita ne ya ce haka, Baba?"

"Ina wurin," in ji Mai Aski, ko ƙiftawa bai yi ba. "Ya ce ko jariri ko kyanwa. Kyanwar gidan nan kuwa ɓarauniya ce."

Ta miƙo yaron. Aka kwantar da shi a ƙirjin tsohon, ya ɗan yi mutsu-mutsu, ya yi shiru. Ta juya za ta rufe ƙofa, sai ta ga kan sandar ya riga ya shiga tsakanin ƙofar da bango.

"Bar ta haka. Je ki kwanta. In ya nemi abinci zan buga."

Daga ranar baranda ta zama kasuwa. Mutane na zuwa duba mara lafiya, shi kuma ya kafa doka: ba mai gaishe shi sai ya yi aiki. Matar kafinta ta kwashe wanki. Mai Ɗinki ta dawo da kekenta kusa da ƙofar, wai hasken wurin ya fi. Tsofaffin abokan aikinsa, ƙarti masu gashin baki, suka riƙa jijjiga jariri suna yi masa waƙar fareti. Kafinta ya gyara tagar ɗakin da ta daɗe ba ta buɗewa.

"Rayuwata duka kulle ƙofa nake yi," in ji tsohon, yana dariya har da tari. "Ashe buɗewa ta fi sauƙi, ba ka buƙatar makulli."

"Da ka sani da wuri, da an kore ka daga aiki," in ji Mai Aski.

Wata safiya Mai Aski yana wasa aska, Maijego ta fito ta durƙusa a gefen gadon. Mai Aski ya so ya ba su wuri, tsohon ya riƙe masa riga.

"Baba, tsoron hannuna nake ji," ta ce. "In na ɗauke shi sai wani tunani ya zo mini, ban san daga ina ba. Shi ya sa nake ajiye shi in koma lungu. Ni wace irin uwa ce?"

"Irin wadda ta faɗa. Ciwo ne, 'yata, kamar nawa, sai dai naki yana da magani. Malama, ɗauko jakarki."

Malama da Maijego suka tafi asibiti tare. Da suka dawo Malama ta ce likita ta ba da magani, ta ce a bar ta ta riƙa samun barci, kada kuma a bar ta ita kaɗai.

"Likitocin nan sun fara kamo ƙafata," in ji tsohon.

Aka yi wa direba waya, ya bar mota ya dawo. Ƙaton mutum ne mai kauri, hannayensa kamar faranti. Tsohon ya ƙare masa kallo irin na bakin ƙofar gidan yari, daga takalmi har goshi, sa'an nan ya miƙa masa ɗansa. Nan take yaron ya tsula masa fitsari a sabuwar riga. Mai Aski ya ga idon tsohon ya tsaya cak a kan fuskar mutumin.

Direba ya dubi rigar, ya fashe da dariya. "Ka ga ɗan gidanmu. Ya san radiyeton mota na son ruwa."

Tsohon ya saki numfashi. "Mai Aski, yi masa aski. Wannan ba irin mazan da na tsare ba ne."

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Mai Aski ya shigo da jakarsa. Igiyar shanya ta cika da fararen ƙyallaye. Maijego na ƙara wasu, tana tsokanar mijinta da ke tsugune yana fama da wankin ƙaramar safa. Keken ɗinki na ta ƙara. Zomaye na taunar ganye.

"Tashi, tsoho, kada gemu ya cinye ka," in ji Mai Aski.

Jaririn na barci a ƙirjin Gandiroba, ya damƙe maɓallin rigarsa. Bayan yaron na ɗagawa yana sauka. Ƙirjin da ke ƙarƙashinsa kuwa ya tsaya.

Mai Aski ya ajiye jakar, ya zauna a bakin gadon. Bai kira kowa ba tukuna. Ya shafa gemun abokinsa, ya ji shi kamar auduga.

Da aka gama komai, shi da kafinta suka mayar da gadon ɗaki. Wannan karon bai maƙale ba, don sun karkata shi hagu. Malama ta fito tana neman sandar mahaifinta, ta duba ƙarƙashin kujera, ta duba bayan keji. Mai Aski ya taɓa kafaɗarta, ya nuna mata ƙarshen baranda.

Sandar na can a tokare da ƙofar matar direba. Daga ciki ana jin muryarta ƙasa-ƙasa, tana yi wa yaron waƙar fareti.