Abin da Ke Ƙarƙashin Tebur

Sau bakwai layin intanet ya yanke a kwamfutar Baba Akawu kafin azahar, kuma tasa ce kaɗai a duk ofishin ke wannan iya shege. Yana cikin shigar da sunayen direbobi da lambobin motocin da suka fita, sai ƙaramar fitilar bayan kwamfutar ta mutu, can ta dawo, aikin ya bi ruwa. Manaja ya gaji, ya kira injiniyar kamfanin.

Shi kuwa Baba Akawu ba layin ne ya hana shi sukuni ba. Wata huɗu ke nan ƙafarsa ta dama ke rawa ita kaɗai, ba sanyi ba tsoro. Ko matarsa bai gaya wa ba. A ofis yakan cusa ƙafar can ƙuryar tebur, ya rufe ta da babbar riga. Ya ga yadda aka yi da mai gadi bara: hannu ya fara karkarwa, aka yi masa godiya, aka sallame shi.

Injiniyar, mace ce mai magana ɗaiɗai, ta sauya ramin da wayar kwamfutarsa ke shiga a akwatin rarraba layi. Layin ya sake yankewa. Ta ce ya ɗan fita ya ba ta wuri, ta jona tata kwamfutar, minti ashirin ko gezau.

"Ikon Allah," in ji ta. "Baba, da kake waje lafiya lau yake. Dawo ka zauna yadda ka saba."

Ya tsaya daga gefe. "'Yata, ai sai in tsaya, kada in takura miki."

"Zauna dai. Wani abu ke taɓa wayar, so nake in gan shi."

Manaja na tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa. Baba Akawu ya zauna. Ta durƙusa da tocila, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ya danne gwiwarsa da tafin hannu, yana salati a zuci. Ina! Ƙafar nan kamar jira take. Ta soma, kaf-kaf-kaf, diddigensa na bugun wayar. Hasken tocilar ya tsaya cak a kanta.

Wallahi bai taɓa jin tsoro irin wannan ba. Shekara ashirin da uku a kan wannan kujera, yau tocila za ta tashe shi.

"To, me kika gani?" Manaja ya tambaya.

Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Ɗan harshen robar da ke riƙe kan wayar ne ya karye, Yallaɓai. Ko iska ta taɓa ta sai ta saki."

Manaja ya ja tsaki ya tafi. Ta sa wa wayar sabon kai, ta bi da ita ta jikin bango, nesa da ƙafafun kujera, ta kafe ta da ƙusoshi. Da ta zo ɗaukar jakarta, sai ta sassauta murya.

"Na gyara wayar, Baba. Ƙafar kuma ba aikina ba ce. Haka ta mahaifina ta fara, shi ma ya ɓoye mana shekara biyu. Don Allah ka ga likita a makon nan."

"Yanzu yaya jikin nasa?"

Ta gyara zaman jakar a kafaɗa. "Mu ke ba shi abinci a baki."

Har aka tashi layin bai sake yankewa ba. Baba Akawu ya zuba wa koriyar fitilar ido, tana nan daram. A ƙarƙashin tebur ƙafar na ta rawarta.