Kayan Arba'in ɗin Hajiya Fusena

"Karanta mini na baya," in ji Hajiya Fusena daga kan gado. "Na gaba na san su, Malam. Na can ciki nake so."

Malam Jumare yana tsaye a kan kujerar roba a falonta, hannu ɗaya dafe da kantar kaya, ɗayan riƙe da gwangwanin tumatir. Ya zame tabarau zuwa bakin hanci, ya juya gindin gwangwanin.

"Agusta, dubu biyu da takwas."

"Wannan zai binne ni. Ajiye shi dama."

Ya ajiye. Tun safe suke wannan aiki: duk abin da ranar lalacewarsa ta wuce watan Mayu a sa shi dama, wanda bai kai ba a sa shi hagu, a ba yaran Somaliyawan da ke ƙarshen layi. Mako biyu ke nan da asibiti suka sallame ta, da irin fara'ar da suke yi wa wanda ba su sa ran sake gani ba. Aka sauko mata da gado falo, tsakanin duro biyu shuɗaye cike da shinkafa.

Shekara ashirin da ɗaya bango ɗaya ne tsakanin gidajensu a unguwar Small Heath, can ƙasar Turawa. Shi ya zo daga Zariya karatu, ya ƙare a ɗakin karatu na wata kwaleji yana buga wa littattafan da ba a karantawa hatimi, har ya yi ritaya. Ita ta biyo mijinta Iddrisu daga zangon Kumasi, ta share ofisoshi har gwiwoyinta suka ƙi. Shi ya cika gidansa da littattafai, ita ta cika nata da abinci. Ƙarƙashin matakala man girki, bayan ƙofa sukari, a kan sif ganyen shayin da zai shayar da unguwa, a ɗakin ɗanta Tijani kuwa, tun da ya koma Manchester, wake da taliya da madara suka gaje gadonsa.

Duk wannan da almakashi ta tara shi. Takardun ragin nan da ake bugawa a jarida, waɗanda ake kira kupon, ba ɗaya da ke wuce ta. Kowace Lahadi bayan azahar sai ta ƙwanƙwasa ƙofarsa da almakashi a hannu, ta karɓi jaridar ya gama bai gama ba, ta yanke abin da take so nan a tsaye, ta miƙo masa gawar. Shekara tara bai karanta sharhin littafi ɗaya har ƙarshe ba. Yana tsakiyar jimla sai ya faɗa rami mai kusurwa huɗu, ya hango gwiwarsa ta ciki.

Sau ɗaya ya raka ta babban kantin da ke Coventry Road, don tura mata trolley, keken zuba kaya. Ta zaro kupon talatin daga ambulan, ta jera su gaban yarinyar da ke karɓar kuɗi kamar mai raba karta. Layi ya yi tsawo, wani Bature yana huci, aka kira manaja. Malam Jumare ya tsaya yana nazarin silin kamar bai san ta ba. Da suka fito ta ce masa, "Kunya ba ta hana ka cin tuwona ran Juma'a."

"Sauko ka zauna," in ji ta yanzu. "Magana zan yi maka."

Ya sauko da ƙyar, ya zauna kan kwalin sardin.

"Landlord ya gaya wa Tijani zai sayar da gidan. Idan na tafi, wata ɗaya zai ba shi ya kwashe kaya. Addu'ata kuwa kwana arba'in ce. Ka yi boko, ka gaya mini, talatin ya kai arba'in?"

"A wasu makarantun."

"Ka bar wasa. Kayan nan na addu'ata ne. Wuri nake so a ajiye su kwana goma, da kicin ɗin da mata za su yi girki."

Ya san labarin, duk layin sun sani. Da Iddrisu ya rasu shekara tara da suka wuce, ta sayi abincin mutum sittin a wani gidan abinci a Stratford Road. Ranar arba'in sai ga bas biyu, ɗaya daga Manchester, ɗaya daga Landan. Kafin la'asar tire ya zama madubi. Mutanen Manchester suka tsaya a hanya suka sayi soyayyen dankali da kuɗinsu, kuma kafin ta gama wanke-wanke maganar ta riga ta isa Kumasi: Fusena ta sallami baƙin mijinta da yunwa. A wannan makon ta sayi almakashi.

"Tijani yana da flat," in ji shi.

"Ɗaki ɗaya a Rusholme, da mata da 'ya'ya biyu. A kansa zai ɗora duro?" Ta dube shi kai tsaye. "Ɗakin Rahmatu babu kowa a ciki."

 Shekara huɗu da rasuwar matarsa, kuma ba mai ambaton ɗakin nan a gabansa.

"Akwai littattafai."

"Sai su matsa."

"Hajiya, matattu ba sa cin waakye, shinkafa da waken nan naku."

"Masu rai suna ci. Kuma suna da baki."

"To su ci a gidajensu. Na karanta abin da ya isa a kan mutuwa, ban ga inda aka ce mala'iku suna leƙa tukunya ba."

"Duk littattafanka, wanne ne ya taɓa yi maka ta'aziyya?"

 Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ranar ukun Rahmatu yana saukowa daga sama sai ya ji maza a falonsa suna gardamar ƙwallo, baki cike da shinkafa, wani yana tambaya ko akwai sauran yaji. Ya buɗe ƙofar waje ya tsaya riƙe da ita har na ƙarshe ya fita da takalmi a hannu. Ba bakwai, ba arba'in. Mutane suka ce Malam ya zama mai tsaurin aƙida. Ya bar su a haka, don ya fi bayani sauƙi.

"Ba za a yi cin shinkafa a gidana ba," in ji shi. "Ki yi haƙuri."

Ta lumshe ido.

"To. Hau ka karanta mini madara."

Ya hau ya karanta mata madara.

Ranar Talata da hantsi ta rasu, jim kaɗan bayan nas ta zo ta tafi. Ta bango ya ji: da farko shiru, sannan muryar Tijani tana cewa "Mma, Mma," kamar mai tada ta sahur. Washegari aka binne ta cikin yayyafi. Malam Jumare ya zuba ƙasa sau uku, ya koma gida ya ɗora shayi, ya manta da shi har ya huce. Ranar Lahadi jarida ta zo. Ya ajiye ta kan tebur bai buɗe ba.

Kwana ashirin da biyar da rasuwar, ƙarar mota ta fito da shi. An sauke ƙaton akwatin ƙarfe na zuba shara a bakin gidanta, abin da ake kira skip. Tijani yana tsaye da waya a kunne. Mutum ne mai shekara talatin da 'yan kai, yana aiki a ofishin inshora, idanunsa sun yi zuru-zuru.

"Baba, ina kwana. Sorry da hayaniyar."

"Me za ka zuba a nan?"

"Katifa, kafet, da abin da ya yi expire. Sauran wani charity, masu taimakon mabuƙata, zai zo da van gobe." Ya murza goshi. "Wallahi Baba, kwana uku ina fito da kaya, gidan bai ma san an taɓa shi ba. Toilet roll ɗari biyu. Wa take jira, sojoji?"

"Addu'ar fa?"

"Zan yi order. Akwai wani wuri a Sparkhill, shinkafar biryani ɗinsu is fine. Mutum tamanin, ina ga ya isa."

"Tamanin."

"To ya zan yi? Monday zan ba da key. Matan sun ce za su dafa, amma a ina? Kowa kicin ɗinta kamar akwatin ashana. Ba kamar lokacin Anti Rahmatu ba, lokacin muna da gidan nan."

Malam Jumare ya ɗago kai.

"Lokacin wa?"

"Arba'in ɗin Anti. Ai ni Mma ta sa na taso daga Manchester tun asuba, na yi trip huɗu zuwa masallaci da tukwane, boot ɗina wata guda yana warin shito, yajin nan nata." Ya ɗan yi dariya, sai dariyar ta tsaya da ya ga fuskar tsohon. "Baba, ba ka sani ba?"

"Da sunan wa aka raba?"

"Da naka. Ta ce wa liman Malam ba shi da lafiya, shi ya aiko. Na ce Mma, wannan kaya haka, kin tambaye shi kuɗi? Ta ce ai ya riga ya biya, duk daga jaridarsa suka fito."

Wata bas ta wuce a bakin layi, tagogi suka girgiza. Malam Jumare ya tuna makonnin da suka biyo bayan arba'in ɗin Rahmatu, yadda tsofaffin da ya kora da takalmi a hannu suka riƙa tare shi a hanya suna riƙe hannunsa da hannu biyu, suna cewa Allah ya karɓa, Allah ya kai ladan kabarinta. Ya ɗauka munafunci ne, har ya rubuta hakan a littafin da yake rubuta tunaninsa, da kalmomi masu kyau.

"Mutum nawa suka ci?" in ji shi.

"Sun fi ɗari biyu. Har an yi takeaway."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya dubi akwatin ƙarfen, ya dubi ƙofar gidansa da ya bari a buɗe.

"Kira masu van ɗin ka ce sun makara."

"Baba?"

"Uwarka ta yi mini fashi shekara tara. Kayan sata ne, mai su ya zo karɓa. Fara da duro, kuma kada ka karce mini bango."

Ɗakin Rahmatu yana sama, yana kallon bayan gida. Makullin ya yi gardama kafin ya juya. Ciki akwai sanyi da ƙamshin da ya kusa ƙarewa. Carbinta yana rataye a kan gado, littattafan da ya tula a ƙasa sun kai gwiwa. Ya tsaya a bakin ƙofa har Tijani ya yi gyaran murya a bayansa, da kwalin tumatir a ƙirji.

"Ina zan sa?"

"Nan. Ture tarihin Rumawa, ba inda za su je."

Kwana biyu suna jido. Ya hana a zuba yadda aka ga dama: mai kusa da lalacewa gaba, mai nisa baya. Tijani ya ce, "Kai ma ta koya maka?" Ya ce, "Shekara talatin ina jera kantar littattafai kafin uwarka ta san almakashi."

Ranar arba'in ta faɗo Asabar. Tun da sassafe mata suka mamaye masa kicin da tsakar gida, suna magana da Hausar zango da ƙarfi, suna kiransa Baba suna ture shi daga hanya. Bas biyu suka zo daga Manchester. Aka karanta abin da aka karanta a masallaci, sauran jama'a suka malalo gidansa, suka zauna a falo, a matakala, a kan ƙamus. Can wajen la'asar ya ji wasu maza suna gardamar ƙwallo, wani yana tambaya ko akwai sauran shito. Ya tsaya a tsakiyar matakala, hannunsa a kan katako. Sannan ya sauko ya shiga kicin ya ɗauko kwalbar ya dangwara wa mutumin a gaba.

"Ga shi. Ci a hankali, mai shi ba za ta sake yin wani ba."

Mutanen Manchester suka hau bas kowa da leda a hannu. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce a gaya wa na Kumasi Fusena ta ciyar. Tijani ya tsaya a bakin titi yana ɗaga musu hannu, fuskarsa jiƙe, yana cewa hayaƙin girki ne.

Washegari Lahadi gidan ya yi tsit, sai warin albasa a labule. Ya hau ɗakin Rahmatu ya buɗe taga. Kaya sun ƙare ƙarƙaf, in ban da gwangwanin tumatir ɗaya da ya gangara bayan littattafai. Ya juya gindinsa: Agusta, dubu biyu da takwas. Ya ɗora shi a kan kantar littattafai.

Ya zauna bakin gadon da jarida, ya karanta sharhin littafi daga farko har ƙarshe, ba rami ko ɗaya. Marubucin bai faɗi komai ba. Ya juya shafin. A baya akwai kupon na ganyen shayi, a sayi ɗaya a ba da ɗaya, kewaye da ɗige-ɗigen da ke nuna inda za a yanka.

Ba shi da almakashi. Ya ninke takardar a kan ɗigon, ya bi da farce sau biyu, ya yage ta a hankali, ya sa a ƙarƙashin gwangwanin don kada iskar taga ta ɗauke.