Injin Ruwa Mai Nauyi

Maigidan bai tambayi mai shago komai ba. Ɗaga kowane injin ruwa yake yi yana jijjigawa kamar mai zaɓen kankana, wai mai nauyi shi ne mai ƙarko. Matarsa tana gefe tana taɓe baki. Ita ƙarami take so, wanda zai riƙa motsa ruwan ɗan kwamin kifinta.

"Baban yara, wannan na ban ruwan gona ne fa."

"Bar ni, na san inji."

A gida ya kunna shi. Kafin ya lalubo wurin kashewa, kwamin ya ƙafe, tsakar gida ta cika da ruwa, kifayen suna birgima cikin laka. Ta miƙa masa bokiti.

"Tsince min su tun da ransu, injiniya."