Koren Haske a Wayar Tela

A ofis 'Yar Tambaya suke kiranta, don ko ruwa ka miƙa mata sai ta tambaye ka me ya sa ka zaɓi wannan kofin. Aikinta tsara manhajar waya, yadda wanda bai iya waya sosai ba zai shiga ya fita bai rikice ba. Da kamfaninsu ya samu aikin yi wa wani asibiti manhajar sanar da dangi halin marar lafiyarsu, ta ce ba za ta zana komai ba sai ta zauna da masu jinya tukuna.

A barandar sashen masu tsananin ciwo ta haɗu da wani dattijo, tela, yana zaune a kan benci da jakar leda a tsakanin ƙafafunsa. Matarsa na ciki, ciwon zuciya ya kayar da ita. Ba a barin kowa ya shiga sai da yamma, shi ma leƙe ne kawai.

"Baba, me ya fi damun ka a zaman nan?" ta tambaye shi.

"Roƙo, 'yata," ya ce. "Nas ta fito, in miƙe in bi ta kamar mai neman aiki. Ta ce tana nan lafiya, ba ta ko kalle ni ba. Rigar nan tun da muka zo take jikina. Ni da nake ɗinka wa mutane kaya, ga shi ƙudaje sun san ni."

Ta koma ofis da maganarsa. Suka taru suka cika bango da ƙananan takardu masu manne, kowa na liƙa shawararsa. Abin da suka tsayar shi ne mai jinya yana son ya san halin da ake ciki ba tare da ya roƙi kowa ba. Suka yarda da haske iri uku: kore idan da sauƙi, ruwan ɗorawa idan likita na dubawa, ja idan ana neman dangi da gaggawa. Nas ce za ta riƙa taɓawa a kwamfutarta.

"Idan mutum ya rasu fa?" in ji 'Yar Tambaya.

Manaja ya yamutsa fuska. "Haba, asibitin ne za su saya. Ki nuna musu shafin mutuwa ranar farko? A bar shi sai zagaye na gaba."

Ta sake maimaitawa, ya duba agogo, aka tashi.

Ta zana fuskokin wayar a kan kwali ta kai wa telan. Ya dinga danna kwalin da yatsa yana dariya, wai wayar nan ba ta cin caji. Ya ce rubutun ya yi ƙanana, ta ƙara masa girma. Ya ce kalmar "daidaitacce" ba ta gaya masa komai, ta canza zuwa "tana hutawa". Da aka gama manhajar gwaji, wayarsa ce ta farko da aka saka wa.

Ran nan da hantsi ya duba, kore ne. Ya jira, ya sake dubawa, kore. Ya ɗauki jakarsa ya tafi gida ya yi wanka, ya canza kaya, ya ɗauko wa matar zanen da ta fi so, har ya tsaya ya gyara masa baki a keken ɗinki. Duk bayan ɗan lokaci yana leƙa wayar. Da ya dawo da yamma, wani mutum ne a kan gadon.

Ashe matar ta cika tun kafin rana ta take. Nas ɗin da ke aiki ta yi ta fama da ita, ba ta samu sararin taɓa ja ba. Da komai ya ƙare ta buɗe kwamfuta, ba ta ga abin da za ta danna ba, ta bar koren yadda yake. Ma'aikatan sun fito baranda neman mijin, benci ba kowa.

'Yar Tambaya ta je gidan bayan 'yan kwanaki. Babbar 'yar telan ce ta tare ta a bakin ƙofa.

"Ke ce mai wayar? Babanmu bai taɓa matsawa daga ƙofar ɗakinta a asibiti ba sai da kika zo."

"Ƙyale ta ta shigo," in ji telan daga ciki.

Yana zaune kusa da kekensa, an rufe keken da tsumma. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwa. Ya amsa, bai ɗaga kai ba.

"Na san ba ke kika kashe ta ba," ya ce. "Lokacinta ne. Amma nas ta ce matata ta kira sunana, ni kuwa ina nan ina ɗinki." Ya miƙo mata wayar. "Cire min abin nan. Ban iya ba, yaran kuma sun ƙi taɓawa."

Ta cire. Ta mayar masa da wayar, sannan ta yi sallama.

A ofis manaja ya ce abin ba daɗi, amma ai amfanin gwaji ke nan, an gano gyara. 'Yar Tambaya ta ce labarin rasuwa ba na manhaja ba ne, mutum ya kamata ya kira dangi da bakinsa. Asibitin suka ce ba su da ma'aikacin da za su ware wa wannan. Ta yi zane kala-kala, duk ta yage. A ƙarshe manaja ya zaɓa da kansa: farin shafi, da layi ɗaya, "A tuntuɓi nas."

Haka aka fitar da manhajar, asibitin kuma suka yaba. Ba a daɗe ba masu zaman baranda suka gane ma'anar farin shafin. Wata rana 'Yar Tambaya ta je duba yadda ake amfani da ita, ta tarar da wata mata tsaye a tsakiyar barandar, wayarta a hannu da farin shafi, tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya tana cewa su duba mata, ko wayar ce ta lalace. Kowa ya leƙa sai ya kawar da kai.