Dutsen Kabarin Ekundayo

Ina tsakar suyar ƙosai a bakin Kissy Road maƙwabciyata ta zo da gudu, ta ce mijina Ekundayo ya faɗo daga tsani wajen fentin bangon wani shago. Kafin in isa har an lulluɓe shi.

Shekara ashirin da shida yana zana furanni da tsuntsaye a jikin katako, ya rubuta magana da Kiriyo, harshenmu na gida, a tsakiya, mutane su saya su rataya a falo. Yayarsa, Sisi Cordelia, tsohuwar malamar makaranta, ba ta taɓa rataya ko ɗaya ba. Wai Kiriyo na baki ne, ba na rubutu ba.

Ranar arba'in muka dafa wake da fufu, dangi suka taru a kabari. Na ce a sassaƙa rubutun dutsen kabarinsa da Kiriyo.

"Dutsen gidanmu na Pratt?" in ji Sisi Cordelia. "Ke Iyatunde, kin ɗauka tallar ƙosai ce? Kakanninmu duk ƙarƙashin Turanci suke kwance."

"To Sisi, a tambaye shi mana."

Aka ɓare goro biyu. In aka jefa, ɓari biyu suka kalli sama, biyu suka kife, mamaci ya yarda. Ita ce babba, ita ta durƙusa. Ta zuba ruwa a ƙasa, ta kira sunansa, ta roƙe shi ya karɓi Turanci. Da Kiriyo ta roƙe shi kuwa, don ba mai yi wa matattu Turanci. Ta jefa, ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Na uku ma haka.

"Hannuna ke rawa," ta ce, ta kwashe goron ta cusa a jaka.

"Wane hannu? Yana raye kin raina shi, ya mutu kuma za ki toshe masa baki!"

"Ji mai maganar rubutu! Ke da kika tsaya aji uku."

Duk suka sunkuyar da kai. Da shekara ta zagayo aka kafa dutsen, Turanci layi shida, rabinsa ban gane ba. Tun ranar ban ƙara gaishe ta ba, ko a coci.

Sai dai bayan dutsen fili ne, ba a rubuta komai ba. Kullum in na sauke kasko sai in tsoma burushi a ragowar fentinsa, in kwaikwayi harafi ɗaya daga rubutunsa na Kiriyo a jikin kwali. Har yanzu nawa haruffan karkacewa suke yi.