Ranar da Fasinja Suka Kai Direba

Wakili ya taka birki dab da shiga Tsarnawa, ya gangarar da motar gefen titi, ya kifa goshi a kan sitiyari. Wani abu ne ya soke shi a ƙahon zuci kamar an luma masa wuƙa. Fasinjojin da ya kwaso daga Dogarawa zuwa kasuwar Ƙonni suka hau ƙorafi, sun ɗauka mai ne ya ƙare.

Shekara da shekaru yana bin hanyar nan, kuma yana da doka guda da yake alfahari da ita: ba ya sa wa cikinsa abinci sai ya sauke lodin farko. Ƙoshi, in ji shi, gyangyaɗi yake kawowa, shi kuwa rayukan mutane ya ɗauko. Sai dai dokar ba ta hau kan shayi mai ɗaci ba, ba ta hau kan sigari da goro ba, balle jajayen ƙwayoyin ciwon baya da yake saye a tiren mai talla, safe da yamma. Cikin ya daɗe yana masa ƙuna. Yakan kora da ruwan kanwa ya ce ai ciwon direbobi ne.

Da suka ga gumi na tsatsafo masa, suka cicciɓe shi zuwa inuwa. Nan fa kowa ya zama likita. Wannan ya ciro kanwa, wancan ya kwance ƙullin saiwa, wani bawan Allah ma irin jajayen ƙwayoyin nan ya miƙo, da zuciya ɗaya.

Gimbiya, wata dattijuwa mai sayar da albasa wadda kullum sai sun yi cacar baki da Wakili kan yawan kayanta, ta ture su ta durƙusa. Ta ɗora tafin hannu a cikinsa, ya saki ƙara.

"Kowa shi riƙe maganinai," ta ce. "Ko ruwa kada a ba shi."

"Haba Inna, mutum na mutuwa ki hana mai ruwa?" in ji wani fasinja.

"Haka cikin maigidana ya yi, tauri awa katako. Mun ka wuni muna ɗura mai kanwa. Da mun ka kai shi likita, an ka ce tumbi ya huje, mun makara. Wa ya iya tuƙi cikinku?"

Wani cikinsu, Alkasum mahauci, ya ce shi dai ya taɓa tuƙa tarakta a gonar kawunsa.

Gimbiya ta ce, "Tarakta ma mota ta. Shiga!"

Da kanta ta sa aka sauke buhunan albasarta aka bar su ƙofar wani gida, don a sami wurin shimfiɗe shi. Wakili, wanda ko ƙanensa bai taɓa bari ya taɓa masa sitiyari ba, yana kwance yana jin giyar motarsa na kuka a hannun mahauci. Ya so ya yi magana, azaba ta hana. Kowane rami sai ya ji shi har ƙoƙon ransa. Tsoro ya kama shi na gaske, ya tuna 'yarsa da ko yaye ta ba a yi ba, ya kama salati.

Sai bayan la'asar ya farka a asibitin Ƙonni, da roba a hanci da ɗinki a ciki. Matarsa Mubaraka na zaune gefen gado, idanu sun kumbura. Lokotoro, wato likitan da ya yi masa aiki, ya tambaye shi abin da yake sha, Wakili ya zayyana bai rage komai ba.

"Ƙwayoyin nan a kan yunwa, ga sigari, su sun ka cinye gyambon har ya huje," in ji lokotoro. "Akwai kuma ƙwayar cuta da za mu yi ma magani. Ka gode ma waɗanda sun ka kawo ka da wuri."

Wakili ya juya kai wajen taga. Ƙarƙashin bishiyar dogon-yaro, ga fasinjojinsa nan zube kan tabarmar aro, har da mai miƙo ƙwayar. Kasuwa ta ci ta watse ba su leƙa ta ba. Mubaraka ta ce Alkasum ya ba da jini, yana can yana cika baki wai yanzu shi ma direba ne.

Aka bar Gimbiya ta shigo. Wakili ya dube ta, duk baƙaƙen maganganun da ya sha yaɓa mata a tasha suka dawo masa, kunya da godiya suka rufe shi.

"Inna," ya ce da ƙyar, "na ɓata muku kasuwa. Ban kai ku ba."

"Ƙonni ka ce za mu, ga mu Ƙonni," ta ce, tana gyara masa zanen rufa. "Shekara nawa kana kai mu? Yau ɗai mun ka kai ka, kar ka ishe mu da godiya."

Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne. Ya bar su, bai share ba.