Katangar Anti Eluned

Ranar da ƙaramar hukuma ta ce mashaya na iya kaiwa ƙarfe biyun dare a buɗe, Nerys ta shigo wurin da ake gina mata mashaya da gudu. Ta gaji da ganin yadda ake yi: ƙarfe goma sha ɗaya a kaɗa ƙararrawar rufe mashaya, maza su kwankwaɗi giya kamar ana korarsu, su fito titi gaba ɗaya a kaure da dambe. Shekara da shekaru kowa na gani, ba wanda ya motsa.

Sai dai bayan katangar mashayar ɗakin kwanan maƙwabciyarta Anti Eluned ne. Tsohuwar ta rantse, muddin ta ji ko tari, za ta kai ƙara a hana lasisin.

"Sai an ninka katanga, a cusa mata audugar hana ƙara, tagogi gilashi uku, ƙofa biyu," in ji Kawu Idwal, maginin. "Kuɗin zai tashi, 'yar nan. Mu dai haka muka saba gini, ba wanda ya mutu."

"Kawu, sabon naku ne ya rufe rabin mashayun garin nan. A ninka."

"Da wane kuɗin? Na boko?"

"Da na kantar katakon nan mai tsada. A buga mini ta falanki."

Ya yi tsaki, ya ninka.

Da aka gama, ranar Asabar da hantsi, ta tattaro ƙungiyar mawaƙan garin, tsofaffi ƙarfafa masu murya kamar aradu, don a gwada katangar. Ta raka Anti Eluned har bakin gadonta, ta dawo ta rufe ƙofofin biyu.

"Ku sake murya, iyayena. Kamar mun ci Ingila a wasa."

Suka ɓarke. Kofuna na rawa a kan falanki, ƙura na zubowa daga rufi, Kawu Idwal da kansa ya cire hula ya shiga amshi. Nerys kuwa idonta na kan ƙofa.

Ana tsakiyar waƙa ta uku ƙofa ta buɗe. Anti Eluned ce da silifas, fuska a murtuke. Waƙa ta tsinke.

"Ke Nerys, ni za ki shanya? Shayina har ya huce. Yaushe waɗannan ragwayen za su fara?"

Kawu Idwal ya shafa katangar. "Aikina ne fa."

"Ba ni kujera," in ji tsohuwar. "Tunda ba a ji daga can, a nan zan saurara."